Ƙamshin Fayin a Kyandir ɗin Gida: Matsayin Baƙo a Tsakanin Hano da Kakin Zuma

Lacca ga masu sana'ar hannu na yankin Matsinkai, ƙaramar hukumar Bagudo, jihar Kebbi

 

Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata da yayyena da ƙannena da kuka ajiye girki da surfe kuka zo, matasan Matsinkai da na Kaoje da Tsamiya da Illo, da baƙinmu da suka ƙetaro daga wajen Segbana, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Maganar da aka ɗora mini ita ce yadda ake haɗa ƙamshin itacen fayin da wasu ƙamshe-ƙamshe a kyandir ɗin da ake yi a gida. Na san akwai mai cewa a ransa: ina ruwan mutumin Bagudo da fayin? Yana da hujja. Fayin itacen sanyi ne da tuddai, ganyensa sirara masu tsini, kore shar rani da damina. A Najeriya sai an dasa shi yake fitowa. Masu binciken gandun daji sun kawo irin na yankin Karibiyan suka shuka a Afaka kusa da Kaduna, da Miango a Filato, da tsaunin Mambila, da Ngwo kusa da Inugu. Nan bakin kogin Kwara, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ba wurin zamansa ba ne. To amma ko da itacen bai zo ba, ƙamshinsa ya zo a kwalba. Duk wadda ta yi saƙon madarar turare daga Kano ko Kwatano za ta iya samunsa, kuma 'ya'yanmu mata suna kallon masu yin kyandir na ƙasashen waje a waya, suna sha'awar gwadawa. Gara mu zauna mu fahimci abin kafin a zuba jari a yi asara.

Matsayata ita ce: fayin baƙo ne a kyandir ɗinmu, kuma zaman baƙo ya kamata ya yi. A ba shi wuri kaɗan, masu gida su kewaye shi. Masu gidan kuwa ga su nan birjik: hano, ƙaron maje, jema, kajiji, kakin zuma, man kaɗe.

Mu fara da abin da ke cikin kwalbar, domin abu uku ake sayarwa da sunan fayin, kuma kowanne da halinsa. Idan aka tsaga bawon itacen, ƙaro yakan tsatso. In aka dafa ƙaron da tururi, wani ruwa mai kaifin wari yakan rabu da shi, shi ne na farko, wato tafentain da masu fenti suka sani. Sin da Barazil da Indunusiya ne kan gaba wajen samar da shi. Mafi yawan abin da ke cikinsa wani sinadari ne mai suna alfa-fayinin. Ku riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi. Tafentain yana da saurin tashi, tururinsa kan kama wuta tun daga wajen digiri 35, wato ƙasa da zafin inuwarmu a bazara. Ba na kyandir ba ne. Abin da ake sayarwa da sunansa a shagon fenti ma sau da yawa ba daga itace ya fito ba, daga man fetur aka tace shi. Kada wanda ya kusanto da shi tukunyar kaki. Na biyu shi ne man fayin na wanke-wanke, wanda ake sakawa a magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Na uku shi ne man da ake tatsa daga ganye da ƙananan rassa, ko madarar da masana'anta ta haɗa don kwaikwayon ƙamshin ganyen. Wannan ya fi taushi, yana da ɗan zaƙi, kuma a kansa muke magana.

Sai dai na biyun nan ya riga na ukun shiga hancin mutanenmu, kuma nan ne tushen matsalar. Dettol, wanda babu ungozoma ko mai jego da ba ta san shi ba, akwai man fayin a cikinsa. Mutumin Jamus ko Kanada in ya shaƙi fayin, abin da ke faɗo masa a rai daji ne da dusar ƙanƙara da bishiyar Kirsimeti a falon kakarsa. Shi ya sa kyandir ɗin fayin ke tafiya a kasuwanninsu duk ƙarshen shekara. Mu kuwa, Hausawa da Dandawa da Fulani da Kyangawa da Zabarmawa, in muka shaƙe shi, abin da ke zuwa mana ɗakin haihuwa ne da wankin rauni da bayan gidan da aka goge. Babu amaryar da za ta so ɗakinta ya yi warin ɗakin allura. Don haka haɗin da kuka fi gani a waya, fayin da ɓawon lemo, shi ne mafi munin zaɓi a kasuwarmu, domin su biyun ne ƙamshin sabulun goge ƙasa. Wadda ta kwafe shi yadda ta gan shi, za ta yi kaya mai kyan gani, a buɗe a shinshina a mayar da murfi.

Yanzu ga abin da ya sa nake ganin maganar nan tamu ce tun asali. Itacen hano, wanda wasu ke kira ararrabi, yana fitowa a tuddai da duwatsu tun daga Barkina Faso, ya ratso arewacin Gana da Togo da Benin da Najeriya har Kamaru. Kun san shi da bawon nan nasa mai sulluɓewa siri-siri, kun san saiƙonsa a wurin masu magani, wasu ma sun yi shinge da shi. Dangin itacen lubban ne na Oman da Yaman da Somaliya, lubban ɗin da alhazai ke dawowa da shi a ƙulle. Masana tsirrai sun raɗa masa Boswellia dalzielii don tunawa da Dakta John Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewa, wanda ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga a 1916. Da masu bincike suka tace man da ke cikin ƙaron hano na Najeriya da Barkina Faso, sai suka tarar a yawancin abin da suka gwada, sinadarin da ya fi rinjaye shi ne alfa-fayinin ɗin nan dai na itacen fayin. Kenan kaifin nan mai sanyi da ake nema a kwalbar da ta ƙetaro teku yana nan cikin ƙaron itacen da ke bayan garinmu. Bambancin shi ne a hano kaifin a lulluɓe yake da ɗumin ƙaro, irin wanda hancinmu ya saba ji a masallaci da ɗakin tsofaffi. Shi ya sa in aka haɗa fayin da hano ko lubban ba a jin inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya ɗauka, kuma warin asibitin yakan kwanta.

Ba yau aka fara ɗaukar sanin ƙamshi daga Afirka a juya shi a waje a dawo mana da shi ba. Turaren Bint El Sudan, wanda ya daɗe a akwatin iyayenmu, kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya haɗa shi a 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya koma da samfurin kayan ƙamshin da ya samu a hannun mutanen Sudan. Daga baya aka shiga ɗura shi a Kano. Abin lura shi ne sun yi shi da mai, babu barasa, don sun san wa za su sayar wa. Sun tsaya sun karanci hancin mai saye. Mu da muke zaune da mai sayen a gida ɗaya bai kamata wani ya fi mu wannan karatun ba.

Iyayena mata, mafi yawan ilimin haɗin nan yana hannunku. Wadda ta taɓa haɗa turaren wuta, ko ta zauna kusa da 'yar Barno tana haɗawa, ta san cewa itace ake fara shimfiɗawa, sandal ko hawi, sannan farce da sauran masu nauyi, madara ta zo daga baya. Ta san akwai ƙamshin da ke fara dukan hanci ya wuce, akwai mai zama a ɗaki, akwai wanda ke kama kaya har bayan wanki. Ta kuma san ba a yanke wa turare hukunci ranar da aka haɗa shi, sai ya kwana ya kwana. Masu turare na Turai ma a kan hawa ukun nan suke aiki tun ƙarni na 19. Fayin na hawan farko ne: shi ke fara gaisawa, shi ke fara tafiya. In ba a ɗaure shi da mai nauyi ba, kyandir zai yi ƙamshi a daren farko da na biyu, daga nan sai warin kaki. Masu ɗaure shi su ne sandal da ud da miski da ambar da fanila, sai kuma jema, saiwar ciyawar nan ta fadama, wadda ni a ganina ba a ba ta haƙƙinta ba. Ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya da ke cikinta yana sauko da fayin daga sama ya zaunar da shi.

Ga inda nake ba da shawarar a fara, kowa kuma ya gyara da hancinsa. A raba madarar gida 10. Don ɗakin mace, fayin ya ci gida 2, lubban ko hano 3, sandal 4, gida ɗayan da ya rage a raba wa miski da kanumfari. A yi hattara da kanumfari, domin ɗigo kaɗan yake ƙari ya danne kowa. Don zaure ko falon maigida, a bar fayin a gida 2 ɗin, a ba ud 3, sandal 3, jema 2. Wannan ya fi duhu da nauyi, irin wanda dattawa ke so. Wardi da fayin ban cika ganin sun shirya ba sai sandal ya shiga tsakani da yawa. Kafur kuwa a nisanta shi, don shi ke mayar da haɗin kantin magani kai tsaye. Wuri ɗaya ne nake yarda fayin ya haura gida 2, wato kyandir ɗin tsakar gida na hira da dare, inda za a haɗa shi da man ciyawar lemo da ɗan na zaiti. A nan kaifin ake so. Amma in faɗa muku tsakani da Allah, kada wadda ta rubuta a jikin gwangwaninta cewa yana maganin sauro. Yana ɗan rage shi a kusa da inda aka kunna, iyakarsa kenan. Mu da ke zaune tsakanin kogi da fadamun shinkafa, gidan sauro ne kariyar yaranmu, kuma alhaki ne a sa wata uwa ta ajiye shi saboda tallar kyandir.

Kafin a narka ko da cokali ɗaya na kaki, a gwada haɗin a kan auduga. A ɗiga kowace madara gwargwadon rabonta, a jefa audugar cikin kwalba mai tsabta, a rufe, a bar ta ta kwana. Da safe a buɗe. In hanci ya gaji, a fita waje a sha iska a dawo, a kuma ba wanda bai san abin da aka zuba ba ya shinshina ya faɗi abin da ya tuna masa. In ya ce asibiti, a rage fayin. Kuma a rubuta. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, a dai rubuta. Babban abin da ke kashe sana'ar turare a wurinmu shi ne haɗi ya yi daɗi yau, mai saye ta dawo bayan wata biyu, mai haɗawa ta kasa maimaita shi don da ido ta auna. Ƙaramin sikeli mai auna giram shi ne kayan aikin da ya kamata a fara saye, tun kafin kwalaben ado. In ya yi wa mutum ɗaya tsada, mata biyar su yi adashe su saya su riƙa karɓa-karɓa.

Inda kyandir ya rabu da kaskon turare kuma, nan ake yawan yin ɓarna. A kasko, garwashi ke ƙona itace, hayaƙi ya ɗauki ƙamshi. A kyandir ba haka ba ne. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, ya yi wa yara lacca 6 cur a Landan a kan kyandir kaɗai, aka buga su littafi a 1861, kuma abin da ya nuna musu yana nan daram: zafin harshen wuta ke narka kakin da ke gindinsa, lagwani ya tsotse shi sama, ya zama tururi, tururin ne ke ci da wuta. Ƙamshin da ake ji a ɗaki daga ɗan tafkin narkakken kakin nan yake tashi. Abin da ya bi lagwani ya shiga wuta ya ƙone kenan. Saboda haka duk abin da ba ya narkewa cikin mai ba shi da aiki a kyandir. Guntun itacen turare da ƙwayar kanumfari da busasshen fure da ake yaryaɗawa a sama don ado, ko dai su toshe lagwani ko su kama wuta su zama lagwani na biyu. Humra ba ta shiga, domin akwai ruwa da barasa a cikinta: ruwan ya sa wuta tartsatsi, barasar ta tashi da wuta. Turaren fesawa ma haka. Hatta madarar, wata an sirka ta da wani ruwa mai kauri da ba ya haɗuwa da kaki. Gwajinta mai sauƙi ne: a ɗiga ta a cokalin man gyaɗa a juya. In ta ɓace cikin man, ta yi. In ta dunƙule ta kwanta a ƙasa, a bar ta wa turaren wuta.

Shi kansa ƙaron hano ba a jefa shi haka nan. Wani sashensa mai ke narka shi, wani sashen kuma danƙo ne da sai ruwa. A daka shi, a zuba cikin man kaɗe, a ɗora a kan ruwan zafi na wasu sa'o'i ana juyawa, sannan a tace da ƙyalle mai laushi har sau biyu. Haka ake yi wa ƙaron maje da dakakken kajiji. Ƙamshin da za a samu ta wannan hanya mai sanyi ne, ba zai cika ɗaki shi kaɗai ba, amma shimfiɗa ce mai kyau da madara za ta hau. In aka cika ƙaro kuma kyandir zai yi baƙin hayaƙi. Samun man hano tsantsa sai da tukunyar tururi, kuma wannan aiki ne da nake fatan matasanmu da suka karanta kimiyya za su ɗauka.

Sai kaki. Farin kyandir na kanti daga man fetur ake samun kakinsa, sana'ar da ta kankama bayan James Young ya yi rajistar dabararsa a Birtaniya a 1850. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina ta da sashen yin irin wannan kakin, amma yau mai son sa a nan sai ya jira na waje da kuɗin waje. Alhali kuwa masu ɗiban zuma a dazukanmu sukan matse saƙa su yar da abin da ya rage. Abin nan da ake yarwa, ƙudan zuma sai sun sha kimanin kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su gina kilo 1 nasa. Habasha da Tanzaniya suna sayar da shi ƙasashen waje. Gyaransa ba wuya: a narka saƙar cikin ruwa mai tsabta a tukunyar silba, ba ta baƙin ƙarfe ba don tana duhunta shi, a tace da buhu, a bar shi ya daskare a saman ruwan, a kankare dattin da ya manne a ƙasa, a sake. Kakin zuma ba ya narkewa sai a digiri 62 zuwa 64, don haka ba ya lanƙwashewa a rumfar kasuwa a watan Afrilu. Yana kuma zuwa da ɗan ƙamshin zuma nasa, wanda shi ma yana tausasa fayin.

Aibinsa ɗaya, yana da tauri, yana riƙe ƙamshi ya hana shi fita. A nan man kaɗe ke shigowa. Shi kaɗai ba ya kyandir a ƙasarmu, domin zafin jiki ma yana narka shi, amma in aka sa gida 2 ko 3 nasa cikin gida 10, sauran kakin zuma, sai a samu kaki mai buɗe tafki da sauri. Sai dai ya zama man da aka wanke sosai, wanda ƙwararsa ba ta sha hayaƙi ba, in ba haka ba ƙaurinsa zai rinjayi duk madarar da aka saya da tsada. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ƙwarar kaɗe ɗanya na wata 6 don a riƙa sarrafa ta a gida. Kowa na da ra'ayinsa kan yadda matakin ya taɓa aljihun matan da ke tsintar kaɗe, amma ya tuna mana abu ɗaya na gaskiya: ribar kaɗanya tana wurin wanda ya juya ta ta zama wani abu.

Aikin kansa gajere ne. Kada a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Ƙaramar tukunya a cikin babba mai ruwa. In ya narke a sauke, a bari ya sauko wajen digiri 70, sannan a zuba madara, giram 6 zuwa 8 a kowane giram 100 na kaki, kada a wuce 10. Abin da ya haura haka kakin ba ya iya riƙe shi, zai tsatso a sama ya zama abincin wuta. In aka zuba da zafi sosai kuma, fayin ne zai fara gudu, a bar mai aiki da ƙamshi a madafa, kyandir babu. A juya a hankali na minti 2, a zuba a mazubi, a rufe, a ajiye mako ɗaya ko biyu kafin a kunna na gwaji. Ita ma kwalbar madarar fayin a adana ta a rufe ruf, a wuri mai duhu da sanyi, ko da gindin randa ne, domin iska da haske suna juya ta ta koma ɗaci har ta riƙa sa ƙaiƙayi a fata. A sayi kaɗan-kaɗan.

Lagwani na auduga ne zalla, a kitse shi, a tsoma cikin kaki ya sha. Auduga ba ta yi mana nisa ba, jihar Alibori da ke maƙwabtaka da mu, su Kandi da Banikoara, ita ce cibiyar nomanta a Benin. Kakin zuma yana son lagwani mai kauri fiye da na farin kyandir. In siriri ne, wuta za ta haƙa rami a tsakiya ta nutse. In ya yi kauri da yawa, sai hayaƙi. Babu wata dabara sai gwaji da rubutu. Lagwanin da aka sa wa waya a ciki a guje shi in ba a san ƙarfen ba, domin Amurka ta haramta mai dalma tun 2003 saboda gubar da yake saki a ɗaki. Mazubi kuma gwangwani ko gilashi mai kauri. Ban da roba, ban da ƙwarya, ban da ɗanyen kasko da ba a dalaye cikinsa ba, don yana shan kaki har shi ma ya iya kamawa.

A nan zan ɗan tsaya, ranku ya daɗe, domin maganar rai ce. Garuruwanmu na bakin iyaka ne, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai gidajen da ake ajiye jarkokin fetur a ɗaki ko a zaure. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya je ya tarar da wuta inda take. A watan Satumban 2023, gobara a wani rumbun fetur a Seme-Krake, can kudancin Benin, ta ci rayuka sama da 30. Gidan da ke da fetur ba gidan yin kyandir ba ne, ba kuma gidan kunna shi ba ne. Ku ƙara da rufin ciyawa da iskar hunturu da gidan sauro da labule da yara masu rarrafe. Duk wadda za ta sayar, wajibinta ne ta gaya wa mai saye da baki, ta kuma rubuta a jiki da Hausa da Faransanci: kada a kwanta a bar shi, kada ya wuce awa 4 yana ci, a datse lagwani ya rage kamar rabin santimita kafin a sake kunnawa. In kaki ya kama wuta a tukunya, murfi ko yashi. Ruwa watsa wutar yake yi.

Wa zai saya? Ba mai neman haske ba, wannan kasuwar tocila da fitilar sola sun cinye ta. Masu saye su ne masu haɗa kayan ɗakin amarya da lefe, da masu neman tsarabar biki, da masaukan baƙi na Birnin Kebbi, da 'yan kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Akwai kuma maƙwabtanmu Kiristoci, musamman 'yan Katolika na ɓangarorin iyaka biyu, waɗanda kyandir ɗin kakin zuma ke da daraja ta musamman a ibadarsu. Su sukan so shi ba tare da turare ba, wanda ya ma fi sauƙin yi. Ga kasuwar Malanbil a arewa da mu, ga Kandi, ga Faraku. Hanyar ba sabuwa ba ce, ta Illo fataken goro suka riƙa ƙetare Kwara su nufi Gwanja. Shawarata dai kada a yi gasar araha da farin kyandir na masana'anta, ba za a ci ba. A sayar da abin da masana'anta ba ta da shi: kakin zumar dajinmu da ƙamshin da mai saye ta sani tun tana goye.

Akwai nauyin da ke biyo bayan wannan shawara tawa, kuma ba zan sauka ban faɗe shi ba. Ranar da ƙaron hano ya zama kuɗi, ranar gatari zai nufe shi. An ga haka a Habasha da Eritiriya da Sudan, inda ake tatsar wani ɗan'uwansa. Binciken da Farfesa Frans Bongers na jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa a wurare da yawa itatuwan sun daɗe ba su bar 'ya'ya masu tasowa ba, saboda yawan tsaga da kiwo da gobarar daji, har aka yi hasashen lubban ɗin da ake samu zai ragu da rabi cikin shekara 20. Namu hanon ma tuni masu saiƙo suke ɗaye masa bawo, wani har a zagaye gindin, itacen ya bushe a tsaye. Don haka wanda zai tsaga ya yi ƙananan tsagu kaɗan a rani, kada ya kai ga farin itacen ciki, kada ya taɓa ƙaramin itace, ya kuma bar wanda ya tatsa bana ya huta baɗi. Hano yana kamawa daga reshe: a sare reshe mai kauri a ƙarshen rani a kafa, damina ta raya shi. Ina roƙon iyayen ƙasa su sa baki a wannan tun yanzu, a san itatuwan da ke kowane yanki da wanda ke da izinin taɓa su, a kuma yi wa masu ɗiban zuma magana kan cinna wa amya wuta, domin wutar da ke kashe ƙudan ita ce ke tsallakawa ta cinye ƙananan hano da kaɗanya.

Na ga hannuwa sun fara tashi daga ɓangaren mata. Bismillah, Hajiya, a fara da ke.